Idrissa Altine, Mai Ba Ƙarfe Ruwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu na 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Idrissa Altine a gidansa da ke tsohon garin Agadas, bayan zazzaɓin kwana huɗu da dukanmu muka ɗauka na zafin bazara ne. Yana da shekara sittin da uku. Ya bar matarsa Hajiya Indo, da ƴaƴa biyar, da teburin aiki wanda har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin kwashe abin da ke kansa.

Idrissa, na so in rubuta wannan takarda a natse, yadda ake rubuta ta'aziyya, amma na kasa. Akwai labarin da nake ɗokin ba ka, kuma kai kaɗai ne ba ka nan ranar da abin ya faru.

Bari dai in fara saboda waɗanda ba su san ka ba. Shekara talatin ka yi kana aiki a tashar kuran, wato wutar lantarki, ta Tchirozérine. Da ka ajiye aiki, mun zaci za ka sayi awaki ka huta kamar kowa. Sai ka buɗe wata sabuwar wahala: haɗa ƙananan ampili, ƴan akwatunan da ake sa wa tsakanin ordinata, wato kwamfuta, da kas, wato abin sauraron da ake ɗora wa kunnuwa. A cikin kowane akwati kana sa wani ɗan allo da kake kira konbertisar, wanda ke juya lambobin da ke cikin ordinata ko wayar salula su koma sauti. Kullum cewa kake a nan ne ake cutar mutane, don wanda ke cikin salularsu ragwanci gare shi, yana haɗiye rabin abin da aka ɗauka. Na farkon da ka haɗa a gwangwanin ganyen shayi ka zuba shi. Ni Illiya, da na yi rayuwata ina ƙera azurfa, na ga abin na ce wannan cin mutuncin sana'a ne, na soma buga maka akwatuna na goran ruwa, wato alminiyam. Shekara takwas muka yi a haka, kai da ciki, ni da waje.

Ranar da ka fara ɗora mini kas ɗin nan ba zan manta da ita ba. Abin da ka sa mini ba waƙa ba ce. Sautin wata rijiya ce ta garkar mahaifinka a Timia, wanda ka ɗauka da kanka shekarun baya. Na ji kukan itacen da igiyar guga ke bi a kansa, na ji takun raƙumin da ke jan igiyar yana tafiya daga kunnen hagu zuwa na dama, na ji ruwa ya zube a kwararo. Wallahi sai da na ɗaga ƙafafuna daga tabarma. Ka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ka ce in ƙara kasa kunne. Can baya, nesa ƙwarai, akwai muryar wata tsohuwa tana kiran "Idi, Idi." Mahaifiyarka ce, Allah Ya yi mata rahama, tana kiranka cin abinci. Wannan shi ne ma'auninka. Duk akwatin da ba a ji kiran nan a cikinsa sarai ba, ba ya fita daga ɗakinka, ko mai shi zai yi wata uku yana sintiri.

Da yawa sun ci moriyar hannunka. Malam Nafi, mahaddacin da idonsa ya tafi, ka haɗa masa nasa ba tare da ya roƙa ba, kuma ya ce sai a lokacin ya soma jin inda makarancin da yake saurara ke jan numfashi. Ya'u direba, wanda ƙarar kamyo, babbar motar kayan da yake tuƙawa, ta cinye masa kunnen hagu, ka yi masa akwati mai maɓalli biyu don ya ƙara wa gefen da ya raunana. Kayan cikin kuwa rabi daga matattun radiyo ka ciro su, rabi ka yi ta jira wata da watanni kafin su iso daga Yamai a aljihun wani.

Akwai kuma al'adarka da ta zama abin tsokana a fadarmu ta shayi. A tsakar gida, gindin tagar ɗakin aikinka, akwai wani ƙarfe da ka kafa cikin ƙasa, kansa kawai ake gani, da siririyar waya da ta bi bango ta shiga ɗaki. Kowace safiya in ka dawo daga masallaci sai ka zuba masa buta guda ta ruwa, ranar Juma'a har da ɗan gishirin Bilma. Muka ce shekara takwas kana ban ruwa, ko ganye ɗaya bai yi ba. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayar Hajiya a asirce ko wani abu ne aka binne don tsarin gida. Ka taɓa yi mini bayani sau ɗaya, da Faransancinka na ma'aikatan kuran, ni kuwa ina ta fifita gawayin shayi ina gyaɗa kai. Ban ji ko kalma ɗaya ba, Idrissa. Yau na faɗa maka gaskiya.

To, sai ga Marwan. Ɗan kasuwa ne mai yawan fita waje, abokinmu ne kuma, amma bakinsa ba ya da linzami. Ya dawo daga wata tafiya da ampili na kamfani, baƙi, mai nauyi, wanda kuɗinsa zai sayi sabuwar moto, wato babur, alhali naka bai wuce na buhun hatsi ba. A gaban jama'a ya ce abin da kake yi wasan tsofaffi ne, kuma mu da muke yabonka kunyarka kawai muke ji. Ka yi murmushi, amma ni na san maganar ta shige ka. Da muka keɓe ka tambaye ni, a hankali, ko mai yiwuwa ne Marwan yana da gaskiya. Aka sa ranar Asabar za a gwada: a rufe masa ido, a riƙa sauya akwatunan, ya nuna nasa da kunne. Saura kwana huɗu ka tafi da tambayar nan ba amsa.

Bayan sadakar bakwai na ce sai an yi gwajin. Wasu suka ce bai dace ba, gida na cikin makoki. Hajiya Indo ta aiko ƴarku Souwaiba ta ce a yi, kuma a ɗakinka, don ta san abin da ya hana ka cin abinci sosai a makonka na ƙarshe. Ranar Asabar ta biyu, bayan la'asar, muka taru mu shida. Na kunna akwatinka na ƙarshe, wanda ka gama kwana biyu kafin ka kwanta, na ɗora kas don in tabbatar. Sai na ji gurnani. Wani zuuu mai kauri ne ya kwanta a ƙarƙashin komai, ya rufe ruwan, ya rufe raƙumin, muryar tsohuwa kuwa babu ita sam.

Na sauya waya, na sauya kas, na hure ƙura, na bubbuga akwatin kamar yadda ake yi wa tsohuwar radiyo. Gurnanin yana nan. Ya'u ya ce ƙila abin ya san mai shi ya tafi, ba wanda ya yi dariya. Marwan, in ba shi haƙƙinsa, ya ce a bari kawai, ba ya son ya ci nasara a kan mamaci. Wannan maganar ce ta fi ƙona ni, don ma'anarta shi ne ya riga ya ci. Na ɗauko ƙarfenka na narka dalma na jona, ni da ban san sunan ko abu ɗaya a cikin akwatin ba. Saura kaɗan in lalata aikin hannunka na ƙarshe don in kare sunanka.

Sai murya ta fito daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Hajiya ce, tana takaba, ba ta fitowa gaban maza, amma duk abin da muke tana ji.

"Malam Illiya, ajiye wannan ƙarfen. Tun ranar da Malam ya kwanta an ba wancan na tsakar gida ruwa?"

Na ce, "Hajiya, wane ne zai tuna da wannan cikin makoki?"

Ta ce, "To shi ne. Malam ya ce ƙasar Agadas in ta bushe ba ta karɓar dattin kuran, sai ya dawo cikin kunne. Ga buta nan bakin randa, gishirin yana cikin kwanon da ke kan taga."

Ashe ita ta saurara ranar da ni nake fifita gawayi. Na fita da gudu, da furfurata. An shimfiɗa tabarmin ƴan gaisuwa a kan wurin tun ranar farko, ƙasar ta bushe ƙamas bayan kwana goma sha biyar na ranar bazara. Na ɗage tabarma, na tona kewaye da hannu, na barbaɗa gishiri, na zuba buta uku. Ya'u yana ciki da kas a kansa yana ba mu labari ta taga: yana raguwa, yana raguwa. Ina cikin zuba ta huɗu ya ɗaga hannu ya ce ya ji tsohuwa.

Muka naɗe idanun Marwan da rawaninsa. Sau bakwai Ya'u ya sauya akwatunan a bayansa, ba ya bin tsari. Sau biyun farko ya ce bai iya bambantawa ba. Daga na uku ya soma nunawa da ƙarfin zuciya, yana cewa wannan ne nawa, ku ji yadda ruwan ke da jiki, ku ji faɗin wurin. Sau biyar ya faɗi haka, Idrissa, kuma sau huɗu daga ciki naka ya nuna! Akwatin goran ruwa da na buga da guduma, da kayan matattun radiyo a cikinsa!

Da aka kwance masa ido ya ga inda wayar take, bai yi gardama ba. Ya ce a maido masa kas ɗin, ya sake sauraron rijiyar daga farko har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya juya wajen labule ya ce, "Hajiya, ki yafe mini. Na faɗi abin da ban sani ba a kan Malam." Ta ce ta yafe, kuma ta san kai ma da ka yafe tun kafin ya roƙa.

Ga amsar tambayarka, aminina. Ba kunyarka muke ji ba. Aikinka mai kyau ne, kuma wanda ya fi kowa musu shi ya shaida, da idonsa a rufe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Indo, da Souwaiba da ƙannenta, da danginku na Timia, da tsoffin abokan aikinka na Tchirozérine, da duk wanda ke da akwatinka a ɗakinsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya karɓi alherinka, Ya haskaka kabarinka Ya yalwata shi. Allah Ya sada ka da mahaifiyarka a Aljanna, ka amsa kiranta ba tare da wata na'ura a tsakani ba.

Na ɗauki alkawarin ban ruwan nan a kaina. Kowace safiya daga masallaci nake biyowa ta gidanka da butata. Yau kwana goma ke nan, kuma ban taɓa zubawa ba, don kullum in na iso sai in tarar Hajiya ta riga ni.