Tukunyar Cukwin Gwaggo

Gwaggona yayar babanmu ce. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, inda gona take manne da gona, shanu ba sa samun wurin yawo sai bayan girbi. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu biyar, tana ɗaure su a bayan gida tana ba su harawa da dusa. Ba ta tallar fura da nono. Ita cukwi take yi.

Da safe in ta yi tatsa sai ta ɗora madarar a wuta kaɗan, tana tsoma ɗan yatsa har ta ji ɗumin ya yi mata. Sai ta daka ganyen tumfafiya ta tace ruwansa a ciki, madarar ta kama. Ta tsane ta a ƙananan kwanduna, ta shafe da gishiri. Har nan duk wata mai cukwi ta iya. Amma na sauran mata kwana biyu yake yi ya fara wari, na Gwaggo kuwa sai ta jera shi a wata baƙar tukunyar ƙasa da ta gada wurin uwar mijinta, ta rufe da faifai, ta bar shi wata guda ko fiye ya tsumu. In ta buɗe, ya yi ruwan ƙwai, yana ƙamshi kamar man shanu da soyayyiyar gyaɗa. Tukunyar ba ta taɓa ganin sabulu ba. Da ruwan da ya tsatso daga cukwin ake ɗauraye ta, a kife a inuwa.

Ni ce na jawo abin da ya faru, kuma ba na ɓoyewa. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta kimiyyar abinci, sai na kai wa malamin da ke duba aikina tsarabar cukwin. Dakta muke ce masa. Bincikensa duk a kan furotin yake, wato sinadarin gina jiki da ke cikin madara. Ya gutsura ya tauna, sannan ya tambaye ni kwanansa nawa.

"Wata guda da sati ɗaya, Malam."

"Ba firji?"

"Garin ko wutar lantarki babu."

Ya ajiye biro. Ya ce lallai akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a jikin tukunyar, su ke narka furotin ɗin a hankali su kuma hana masu ruɓarwa shiga. Ya ce in haka ne, ba ƙaramin abu ba ne. Ranar na fito daga ofishinsa kaina a kumbure.

Ran Asabar ya ɗauke ni a motarsa muka tafi. Gwaggo ta share tsakar gida, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta yi masa dambu. Bai zauna ba. Ya sa farar riga da safar hannu, ya rufe hanci da takunkumi, a gidan matar da ya cinye cukwinta har yana neman ƙari. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, mutumin nan Bakano ne, Hausa ya sha a nono, amma da Turanci yake yi mini tambaya ni in fassara mata, kamar ita ba ta wurin. Gwaggo ta amsa masa komai: wane ganye ake tsinka, na sama ko na ƙasa, yaya ake gane madarar saniyar da ta kusa ƙafewa, me ya sa na damina ya fi saurin tsumuwa. Ya cika shafi shida.

Da za mu tafi ya ce yana son aron tukunyar na sati ɗaya.

Gwaggo ta dube ni. "Ke 'yar nan, ai tukunyar nan ba ta fita."

"Gwaggo, sati ɗaya ne. Ni da kaina zan dawo miki da ita. Da wannan aikin zan gama makaranta."

Ta tashi ta ɗauko tukunyar. Sannan ta kwashe cukwin da ke ciki, ta naɗe tukunyar da zaninta, ta juya wajen Dakta kai tsaye. "Malam, don Allah abu biyu. Kada a sa mata sabulu, kada a bar ta a rana."

"Haba Baba, kada ki damu," ya ce yana dariya. Ashe Hausar tana nan.

A ɗakin gwaji muka kankare cikin tukunyar, muka shuka abin da muka samu a faranti, ya tsiro. Dakta bai yi kuskure ba. An ware ƙwayoyin, aka zuba su a ƙananan kwalabe, aka manna musu lamba, aka sa a firiza. Daga ranar tukunyar ta zama kayan shara a ƙarƙashin tebur. Sati ya wuce, wata ya wuce. Duk sanda na ce zan mayar, sai ya ce in dakata, wataƙila a sake buƙata. Gwaggo ta aiko sau uku. A wata na huɗu ya ce in zo in ɗauka.

Na same ta a kan tebur ta yi fari-fari kamar sabuwa. Ma'aikacin ɗakin gwajin ya ce Dakta ne ya ce a wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kuma sa ta a injin da ke turara kaya da tururi mai zafi, wai doka ce, ba abin da ke fita daga nan da rai a jikinsa. Na sa hancina a ciki. Ba ƙamshin komai sai na asibiti.

A ƙaramar bas ɗin Tsanyawa na rungume ta a cinya ina shirya bayanin da zan yi. Ban samu na yi ba. Gwaggo ta kwance zanin, ta shafa cikin da tafin hannu, ta sunsuna.

"Sun kashe ta," ta ce.

Duk da haka ta gwada. Kwana huɗu cukwin ya yi yauƙi ya yi wari, aka zuba wa kaji. Ta sake, ya sake ruɓewa. A na uku ta kife tukunyar a bayan ɗaki.

Na koma wurin Dakta na ce tunda ƙwayoyin suna firiza, a ba ni kwalba ɗaya in kai a shafa wa tukunyar, ko Allah zai sa ta farfaɗo. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Wannan yanzu kayan sashenmu ne na jami'a. Ba a fitar da su haka kawai. Ki rubuto takarda."

"Malam, daga ɗakinta muka ɗauko su."

"Na ce ki rubuto."

Na rubuta. Takardar ta tafi ofishin shugaban sashe, aka ce sai kwamiti ya zauna. Kafin ya zauna aka tafi yajin aiki, aka rufe makaranta, janareto ya daina tashi. Da muka dawo, firizar ta narke tuntuni, sai da aka toshe hanci kafin a buɗe ta. Ba kwalba ɗaya da ta tsira. Abin da mata biyu da ba su taɓa shiga aji ba suka raya shekara da shekaru a ɗakin jinka, mu masu farar riga bai kai shekara a hannunmu ba.

A lokacin kuma takardar binciken ta fito a wata mujalla. Na karanta ta a tsaye. Duk abin da Gwaggo ta faɗa yana ciki, har maganar ganyen sama da na ƙasa, an mayar da shi Turanci mai nauyi. Ita kanta layi ɗaya ta samu: wai an samo samfurin wurin wata mai talla a karkara, wadda ke aiki cikin rashin tsafta. Sunana yana can a ƙarshen jerin marubuta. Ƙawayena suna ta taya ni murna.

Na shiga ofishin Dakta ba sallama. Na ce Gwaggona ba mai talla ba ce, kuma ƙazantar da ya rubuta ita ce abin da ya gina takardarsa a kai. Na ce ta roƙe shi abu biyu tak. Duk na faɗa masa. Ya cire tabarau ya dube ni kamar yarinyar da ta ɓata hanya.

"Ai ilimin bai ɓata ba, mun riga mun wallafa. Ki saya mata wata tukunyar mana."

Na je na gaya wa Gwaggo duka, har layin nan na fassara mata. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ta tambaye ni ko dai na ci jarrabawar. Na ce na ci. Ta ce to, alhamdu lillahi, ta tashi ta tafi ba shanu ruwa.

Daga baya ta sayi sabuwar tukunya ranar kasuwa. Tana ta fama da ita har yanzu, kuma wani lokacin cukwin yakan kai kwana goma. Ta ce wataƙila jikokinta su ga tukunyar ta nuna. Ni kuwa ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, ban sake taka sashen nan ba.

Bara wata ɗaliba ta kira ni a waya, da ladabinta. Ta ce Dakta, wanda yanzu ya zama farfesa, shi ya ba ta lambata. Suna son ci gaba da binciken, ko tsohuwar nan tana da wata tukunyar, ko ta san mai irinta?

Na san wata mai irin tukunyar a ƙauyen da ke gaba da na su Gwaggo. Na ce wa yarinyar ta gaida malaminta, ta gaya masa ban sani ba.