Hannun Damƙau

Da asubar ranar na same shi a bayan rumfar mai shayi, a tsugune, ya tsoma hannuwansa biyu cikin bokitin ruwan ɗumi. Yana sa babban yatsan hagu yana buɗe yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, suna komawa su lanƙwashe. Bai ji zuwana ba.

Kawuna ne, yayan mahaifiyata. A wurin haƙar dutse kowa Damƙau yake ce masa, don a zamaninsa in ya riƙe igiya ko jaki ne a ƙasa sai ya fito. Shekara goma sha tara yana bakin rami. Ni nake ciki, gaba goma sha biyu a ƙasa, ina sara ina cika buhu, shi yana janyowa. Aikin mai igiya ke nan: ƙafafu a gefen rami, baya a sunkuye, hannu bisa hannu, buhu sittin ko saba'in kafin la'asar. Shi ke ɗaura mini igiya a ƙugu ya saukar da ni, shi ke fito da ni.

Kwana biyu kafin nan buhu ya zame masa. Ina ƙasa na ji tsakuwa na zubo mini a kafaɗa, na ɗaga kai na ga buhun yana lilo a saman kaina. Ashe a damtse ya naɗe igiyar ya tare shi, fata ta saluɓe. Da na fito ya ce igiyar ce ta jiƙe. Rabonmu da ruwan sama wata uku.

Da asubar nan sai na karɓo shayi na miƙa masa.

"Kawu, riƙe mini wannan."

"Ajiye a ƙasa, zan sha."

"A'a, riƙe."

Ya karɓa. Kofin ya yi rawa, ya sulale ya faɗi tsakanin ƙafafunsa. Muka tsaya muna kallon shayin yana shiga ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Malamin asibiti ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Wai in bar jan igiya." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na ce masa to, shi zai riƙa kawo mana tuwo?"

Na ce, "Gobe ba zan shiga ƙarƙashinka ba."

Ya san abin da maganar take nufi, ni ma na sani. A wurin nan, mai igiyar da mahaƙinsa ya ƙi, ya gama yawo. Babu ramin da zai sake karɓarsa. Baki bakwai ne a gidansa, har da kakata da ba ta tashi. Mutumin da ya goya ni ina ƙarami ya kama gefen rigata da yatsun da ba sa kamawa.

"Ɗan nan, kwana uku. Ka ce zazzaɓi kake yi. Kwana uku kawai na roƙe ka."

Na yi ƙaryar zazzaɓin. Shi kuwa ya yini yana zagaya ramukan mutane yana kallon masu igiya. Da yamma ya ce mini, "Duk a sunkuye muke. Nauyin a yatsu yake da tsatso, ƙafa da kafaɗa suna zaman banza. Kuma in hannu ya saki, babu abin da zai tare."

Ya samo itace biyu masu gwafa ya kafa a gefen raminmu, ya gitta gungumen da igiya za ta naɗe a kai. Mai walda ya lanƙwasa masa ƙarfe ya zama hannun juyawa, ya yanka haƙora a jikin tsohon faifan ƙarfe, ya sa wani harshe da ke faɗawa tsakanin haƙoran, yadda gungumen zai juya gaba amma ba zai koma baya ba. Tsayin kuwa da cibiyarsa ya auna, don ya juya a tsaye, ba sunkuyo.

Masu igiya suka taru.

"Damƙau, injin markaɗe ka buɗe? A kawo tattasai?"

"Tsufa ne, ku bar shi. Gobe sai ya sa wa ramin kujera."

Kawu ya sa aka cika buhu a ƙasa, ya juya har ya kai rabi, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Ƙarfen ya ce ƙas. Buhun ya tsaya cak. Ya dubi mai ramin, wanda muke yi wa aiki, ya ce, "Ranka ya daɗe, saura abu ɗaya. A riƙa cika buhu rabi."

"Rabi? Mu kwana a nan ke nan. Abin juyinka na yarda, buhu kuwa a cika shi."

Washegari na shiga. Kwana tara muka yi. Tun da yatsun ba sa riƙe ƙarfen, sai ya ɗaure wuyan hannunsa a jiki da robar taya, yana turawa da kafaɗa. Ni kuma a ƙasa ina rage wa kowane buhu shebur biyu, ban gaya wa kowa ba. Bayansa ya daina ciwo, har ya fara tsokanar mutane. Na ɗauka mun tsira.

Rana ta goma ya zo ɗaura mini igiya a ƙugu. Ya zagayo da ita, ya nemi zura bakinta, ta kuɓuce. Ya sake. Ya sa haƙori. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, mutane sun fara juyowa. Na ce a hankali, "Kawu, bari in ɗaura da kaina, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani. Ƙullin da ban ji shi a hannuna ba, ba zan saukar da ɗan ƙanwata a kansa ba."

Da ƙafarsa ya je ya gaya wa mai ramin. Kafin hantsi an kawo wani mai igiya, gajere, mai ƙarfi. Kawu ya ɗauki buhun kayansa zai tafi, ban san ina ba, shi ma ban jin ya sani. Ya yi taku kaɗan ya waiwayo, ya ga sabon yana ɗage yana juya ƙarfen a daidai ƙirjinsa.

"Kai, tsaya. Haka za ka kashe kafaɗarka cikin wata shida."

Ya ajiye buhun, ya sa muka tumɓuke itatuwan muka ƙara wa ramukansu zurfi taƙi ɗaya. Ya tsayar da mutumin, ya gwada ƙarfen da cibiyarsa. Sannan ya tura ƙasa da gefen ƙafa, ya hau yana tattakewa da diddige, yana zagaya itacen har ya daina motsi.