Tutar da Kaka Ta Sa Na Wanke

Jiya ina kwashe kayan tsohon akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, wanda har yau muke cewa na Kaka, sai hannuna ya taɓo wani ƙyalle a can ƙurya. Tun kafin in ware shi ƙamshin sabulun dā ya bugi hancina, ko kuwa zuciyata ce ta kawo shi, Allah masani, don babu sabulun da zai jure shekara talatin da ɗoriya. Bai wuce girman mayafin jariri ba. Rabi shuɗi, rabi rawaya, an haɗa su da ɗinkin hannu, ɗinkin ma irin na tsohuwar da idonta ya fara gajiya. Na zauna a ƙasa da shi a cinya, sai ga ni na koma wata Juma'a ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ku gyara zama in ba ku labarin. Ni ba ni da inda za ni.

Lokacin muna haya a unguwar Sih a Madina, ɗaki biyu da hosh, wato 'yar tsakar gidan da muke girki da shanya. Baba tela ne a wani shago a titin Sultana. Mu Hausawan Sudan ne, zamanmu a Madina a kan iƙama yake, wato takardar izinin zama, ita kuma iƙama a hannun kafil take, ɗan ƙasar da ya tsaya mana. Ran da ya ce ya janye hannunsa, sai ɗaure kaya. Kafilin Baba dattijo ne, jikan Hausawan nan da suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa har suka zama 'yan ƙasa. Yana jin Hausa tas, amma ban taɓa jin ya mayar da ita ba. Ka gaishe shi da Hausa, ya amsa maka da Larabci, yana murza carbi.

Kaka kuwa, uwar Baba, a kan hanya aka haife ta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Kano da niyyar hajji, tafiya ta tsaya musu a Sudan. Can ta girma, ta yi aure, ta binne miji, sai da furfura ta gama cin kanta ta ga Madina. Buri ɗaya ya rage mata a duniya: a sa ta a maƙabartar Baƙi'a, cikin maƙwabtan Manzo. Likkafaninta ma ta riga ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya, ta naɗe a wannan akwati. Takan ce, shekara sittin ta yi tana zuwa garin nan, ba mai fitar da ita sai a kafaɗa.

To, muna da asiri a gidan, wanda ko ƙanina ba a gaya wa ba, don bakinsa kamar rariya. Yayanmu, ɗan farin Baba, a Sudan ya yi makaranta wurin baffanmu, ya samu gurbin karatun likita a Kiyef. Mu dai a lokacin duk wannan nahiya Rusiya muke ce mata. Ku kuwa ba za ku gane abin da sunan nan yake nufi a Madina a ƙarshen shekarun tamanin ba. Yaƙin Afganistan bai huce a zukata ba, a masallaci ana roƙon Allah ya tarwatsa su, kalmar shuyu'i kuma, wato ɗan kwaminis, in ta manne wa mutum, sabulu bai fitar da ita. Wa zai riƙe iƙamar telan da ɗansa ke cin tuwon shuyu'ai? Don haka duk maƙwabciyar da ta tambaya, sai Umma ta ce yana Hartum, ta yi sauri ta zuba mata shayi.

Wasiƙa ba ta zuwa ta gidan waya, saboda kan sarkin da ke jikinta zai tona mu. Kaset yake yi. Ɗalibi mai tafiya hutu ya kai Hartum, baffa ya ajiye har a samu mai zuwa umra, shi kuma ya hayo da shi teku cikin kayansa. Wata uku, wata huɗu. Muryar da za ta iso mana cikin zafin da ke narka kwalta, ta fito ne daga bakin mai rawar ɗari.

Kaset na wannan shekara a naɗe ya zo cikin ƙyallen nan. Aka rufe ƙofa, aka rage muryar rikoda, muka kewaye ta. Ya gaida kowa bi da bi kamar yadda ya saba, ya fara da Kaka, ya ƙare da kyanwarmu. Sai muryarsa ta sauya. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ba ya yi mini ƙarya, na ji yana magana kamar wanda ya sha gudu. Ya ce garin ya rikice. Ya ce ashe mutanen nan ba Rusawa ba ne, ƙasarsu daban, sunanta Yukren, harshensu daban, an daɗe ana danne shi. Malamai da marubuta sun haɗu sun kafa wata ƙungiya ta kishin ƙasa, ba su kira ta jam'iyya ba tukuna don jam'iyya ɗaya tak aka yarda da ita, amma kowa ya san abin da ke tasowa. Kullum taronsu ƙaruwa yake, yau dandali, gobe filin ƙwallo. Sun fito da tsohuwar tutarsu da aka haramta, wadda a dā ake ɗaure mutum a kanta. Shuɗin sama ne, rawayan gonar alkama. Tsohuwar da ke riƙe makullan gidan ɗalibai ce ta ɗinka wannan, ta danƙa masa tana kuka, ta ce ya aika wa kakarsa. A bayan muryarsa ina jiyo waƙa daga nesa, bakuna da yawa, mai nauyi kamar ta masu rakiyar gawa.

Baba ya kashe rikoda. Bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, ran nan ma bai kira ba.

“Me ya kai yaron nan tsakiyar rigimar mutane? A ƙona ƙyallen.”

Kaka ta jawo shi cinyarta. “Abin da tsohuwa ta bayar da hawaye ba ya shiga wuta.” Ta juya shi, ta duba ɗinkin. “Ashe su ma akwai harshen da jikokinsu ke amsawa da wani.” Ta harare mu ni da ƙanina, masu amsa mata Hausa da Larabci, muka sunkuyar da kai.

Daga ranar Baba ya zama wani iri. Da ya dawo daga shago sai ya manna kunne a rediyo yana farautar tashoshin waje. Wai jama'a sun ƙaru. Wai ma'aikatan haƙar kwal sun ajiye aiki. Wai an tara sojoji. Sunan da muke ɓoyewa a ƙarƙashin harshe sai ga shi yana fita daga rediyon mai shagon kan kwana. Duk wanda ya buga ƙofa, sai Umma ta dafe ƙirji.

Ita Kaka tana da doka da ba ta karyuwa. Duk tufar da ta yi tafiya ta shigo gidan, ba ta shiga akwati sai an wanke ta sau uku, balle wadda ta fito daga ƙasar da ba a kiran salla, wa ya san karen da ya shinshine ta. Ran Juma'a da hantsi ta miƙo mini ƙyallen da sabulu. Na wanke, na ɗauraye, na shanya a igiyar hosh, daidai saitin ƙofa inda rana ta fi bugawa. Har ina jin daɗin kaina don na tuna maganar Yaya, na sa shuɗin a sama.

Lokacin nunar dabino ne. Ba wanda ya tuna cewa duk shekara kafil yakan kawo mana ruɗab, ɗanyen dabino na fari, daga lambunsa na Ƙuba, da kansa, ba aike. Sallamarsa kawai muka ji. Baba na zaune a tabarma, rikoda a gabansa, ya sake sauraron kaset ya cire ya ajiye a gefe. Ya miƙe da sauri har ya tuntsurar da moɗa.

Dattijon ya ajiye kwandon dabino, ya gaida Kaka, ya zauna. Sai idonsa ya sauka a kan igiya. Ya daɗe yana kallo. Ina laɓe bayan randa, ina jin ɗigar ruwan ƙyallen a siminti, ɗis, ɗis, kamar duk Madina na ji. Na dubi Kaka, na ga hannunta ya tsaya a kan carbi. A raina na ce shi ke nan, da hannuna na fitar da tsohuwar nan daga Baƙi'a.

“La haula,” in ji shi da Larabci. “A gidan da ke ƙarƙashin kafalata? Shuɗi da rawaya, launin 'yan ƙwallon Riyad? Ƙungiyarmu ta Hijaz ta yi muku laifin me? Wane maci amana ne a cikinku?”

Baba ya juya ya dubi uwarsa. Kaka kuwa ba ta iya ƙarya ba, ko ta wasa.

“Jikana ne ya aiko mini.”

“Na Hartum?”

Kaka ta sunkuyar da kai, ta kasa cewa i. Sai na ga hannun dattijon ya kai ga kaset ɗin da ke kan tabarma. A jikinsa akwai rubutun masana'anta, ba Larabci ba, ba kuma irin boko na kan gwangwanin madara ba, wasu haruffan kamar an juya musu baya. Ya ɗaga shi kusa da ido. Ya kalli Baba, ya kalli Kaka. Sannan ya kife shi a hankali, ya tura ƙarƙashin matashi da yatsa ɗaya.

“Yaran yanzu ba su san ƙwallo ba,” ya ce, ya karɓi gahawa.

Ya sha finjali uku, ya yi ƙorafin tsadar ruwan lambu, ya tashi. Baba ya raka shi. Ni kuma na lallaɓa bayan ƙyaure, kamar yadda na saba. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba, kuma ban sake ji ba: dattijon nan yana Hausa, wata tsohuwar Hausa mai tsami irin ta Kaka.

“A sauke shi kafin a fito masallaci. Ba kowa ke son ƙwallo ba. Tsohuwa ta zauna lafiya.”

A jiƙe na sauke shi, Kaka ta ƙarasa busar da shi a ƙarƙashin katifarta. Da lokacin sabunta iƙama ya zo, sai da Baba ya yi kwana uku ba ya gama abinci. Dattijon ya sa hannu kamar kullum. Mutanen can suka samu ƙasarsu bayan 'yan shekaru, muka ji a rediyo, Kaka ta ce a gaida mata mai makullai. Kaka ba ta sake ganin Yaya ba. Amma a kafaɗa aka fitar da ita daga Sih, bayan sallar asuba a Harami, kuma kafil na cikin waɗanda suka ɗauka.

Yanzu ba sauran kaset. Yaya ya tsufa, yana kira ta waya ina ganin fuskarsa, ya ce ƙasar da ta koya masa aiki tana cikin wuta, sai mu yi ta addu'a. Jiya jikata ta same ni da ƙyallen a cinya, ko tsayawa ba ta yi ba ta faɗi sunan ƙasar, da Larabci, ta wuce. Yau ba yaron da zai ce launin ƙwallo ne. Na ninke shi na mayar a gurbin da likkafanin Kaka ya bari, na ce Allah ya jiƙan wanda ya ga gaskiya ya kife ta.