Tsamiyar Gidan Malam Tanimu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni ɗaukar hoton shamuwa a Unguwar Sarki ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in ɗaukar hoto a sashen yawon buɗe ido, ana haɗa kalandar tsuntsaye. Farkon damina ne, shamuwa sun yi sheƙa a kan tsohuwar tsamiya a gidan wani malamin allo, Malam Tanimu.

A ƙa'idar ofis, babbar kyamara ba ta fita sai a motar gwamnati. Na roƙi Darakta ya bar ni in tafi ni kaɗai. Ya ce, "Kayan gwamnati, motar gwamnati. Tashi ka tafi."

Shekarar kuwa ana ta raɗe-raɗin rusau. Ina kafa kyamara a bakin layi, mai shayi ya daina fifita wuta. Can aka yi mini sallama ta baya. Malam ne da ƙaninsa da maƙwabtansa.

"Bawan Allah, me ake aunawa?"

"Allah gafarta Malam, ba awo ba ne. Tsuntsu nake ɗauka."

"Tsuntsu. Gwamnati ta ba ka mota da direba saboda tsuntsu."

Na nuna masa hotunan a bayan kyamara. Ko kallon shamuwar bai yi ba, sai ya ɗora yatsa a kan katangarsa da ta fito a ƙasan hoton. "Wannan kuma wane tsuntsu ne?" Ya juya ga ƙaninsa ya ce, "Nemo mai zarto. In itacen nan ne ya jawo mana ido, ya kwanta kafin la'asar."

Ga shi kuwa akwai 'ya'ya a sheƙunan, ko gashi ba su gama yi ba. Na sallami direba, na goge hotunan a gaban Malam, na cire takalmi na zauna a zaurensa. Muka yi azahar tare. Sai bayan addu'a ya tambayi sunan mahaifina da na malamin da na yi sauka a hannunsa. Na faɗa, ya sa na maimaita.

Daga ƙarshe ya aika a ce wa matan gidan su shige ɗaki, ya ce, "Kwanta a gindin tsamiyar ka ɗaga abin naka sama. Reshe da sararin Allah kawai. Na ga bulo ɗaya, mai zarto na ƙofa."

Haka na yi rigingine a ƙasa, kashin tsuntsu na zuba a rigata, shi yana tsaye a kaina yana duba kowane hoto. Tsamiyar ta tsira. Ko ya yarda da ni, Allah ne masani. Har na sha kwanar layin idonsa na kaina.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani kowane tsuntsu a garin nan a kan itacen wani yake, kuma mai itacen yana da abin da yake tsoro. Ku fara zama a zaurensa kafin ku buɗe jaka.