Kalilu Mai Fenti da Koriyar Mas

Kalilu ya yi suna a Birnin Kebbi wajen zanen bangon makarantu. In ka ga zuciyar mutum an tsaga ta biyu a jikin katanga, ko rana da duniyoyinta jere kamar tasoshin amarya, to hannunsa ne. Duniyoyin ba su taɓa ba shi wahala ba: ya zana da'ira, ya cika ta da fentin da ya rage a gwangwani. Shi ya sa duniyar Mas a zanensa takan fito koriya, wani lokaci shuɗiya.

Abokinsa na ƙuruciya shi ne Dele, Bayarabe haifaffen garin, wanda mahaifinsa ke sayar da kayan keke a tsohuwar kasuwa. Tare suke cin abincin rana a shagon Dele, har lokacin da Dele ya sayo injin buga hoto a kan leda. Daga nan tuwon ya fara yi wa Kalilu wuyar haɗiya.

Hajiya Laure mai makaranta a Argungu ta daɗe tana ba Kalilu aiki, amma da ta gina doguwar katanga sai ta kira Dele. Kalilu bai sani ba sai ranar da ya je Argungu sunan ɗan ƙanwarsa tare da 'yarsa Mansura, 'yar sakandare. Suka tarar da Dele bisa tsani yana kafa leda, mutane sun yi cincirindo. Ga Mas ja jawur, da wani ƙaton dutse da kwazazzabai. Ga Zara lulluɓe da gajimare. Ga wata, jikinsa duk ramuka.

"Baba Dele, mi ya sa ta yi ja haka?" in ji Mansura.

"Tsatsa ce, ɗiyata. Ƙasarta akwai ƙarfe ciki. Iskarta ko ba ta da kauri, ba ta isa numfashi. Ita ko Zara iska ta yi mata yawa, zahinta na narkar da darma."

Mansura ta juyo wurin mahaifinta. "Baba, ashe Mas ba koriya ta ba?"

Mutane suka yi dariya. Dele bai yi ba, amma Kalilu ya fi son a ce ya yi, don ya sami abin riƙewa.

Tun daga ranar ya daina zuwa shagon. A majalisa yakan ce hotunan ƙaryar kwamfuta ce, wa ya je ya gani? Yakan ce rana za ta cinye ledar kafin damina. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Mansura, da ta riƙa biyawa ta shagon Dele bayan makaranta, ta dawo da labarin duwatsun da ke yawo tsakanin Mas da Jufita.

"Dele bai ƙwace maka komi ba, Malam," in ji matarsa Ummu Hani. "Kai ka yi Mas koriya."

Washegari Kalilu ya hau babur ya ɗebo jar ƙasa a gefen hanyar Argungu, ya tankaɗe, ya kwaɓa da fenti da gam, ya tunkari bangon gidansa zai zana Mas. Ba ya iya tambayar Dele, sai ya riƙa aiken Mansura kamar ita ke son sani: ina dutsen yake, farin da ke saman nan ƙanƙara ce? Da ta ce masa akwai busassun hanyoyin ruwa a Mas, ya tafi Zauro ya zauna yana kallon yadda rassan kogin Rima ke barin sawunsu a fadama in ruwa ya janye. Haka ya zana su. Dutsen kuwa ya tayar da shi da ƙasa, har in rana ta karkata yakan yi inuwa.

Dele ya zo da kansa, ya daɗe yana shafa bangon.

"Kalilu, wanga ya hi nawa. Bari in ɗauka."

Ya ɗauki hoto, ya buga a leda, ya rataye ƙofar shagonsa da sunan Kalilu a ƙasa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna cewa lallai injin Dele ya iya aiki.

Kalilu ya je ya duba, ya dawo yana huci. "Sunana ƙanƙane, kamar tururuwa!"

Masu makarantu suna tambayar mai zanen, Dele yana turo su gidansa. Har Hajiya Laure ta kira shi ya yi mata wata da ramukansa a ajin ƙanana. Yana karɓar aikin, kuma yana yin sa da kyau. Amma duk wanda ya yi sallama ya ce, "Dele ne ya aiko ni," sai Kalilu ya bar shi tsaye a rana ya ɗan jima kafin ya shimfiɗa masa tabarma.