Takun Mai Ɗauke da Makara

Mun tashi da asuba daga unguwar Utaiƙa ta birnin Riyad, mu uku: ni, da likitan da nake tuƙawa, da wani dattijo ɗan Gumel da ya zo daga Jidda. Ƙanen dattijon birkila ne, abokina, ya rasu bara a Kharj, wani gari kudu da Riyad. Ni kaɗai ne Bahaushe cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma na yi wa dattijon alkawari zan tsayar da shi a kan kabarin. Tun da na furta haka abinci ya daina yi mini daɗi, domin kaburburan nan ba suna, ba rubutu, dutse ne kawai. Abin da na riƙe shi ne taku sittin da biyu daga ƙofar maƙabarta, da guntun tayil shuɗi da na soke a gefen dutsen.

Sau uku na laluba aljihu kafin mu bar Riyad: iƙama, wato katin izinin zama, da lasin, da takardar kafili, ubangidan da ya tsaya mini. Hanya sumul, ba rami ko ɗaya, sai rairayi da raƙuma, can gaba kuma gonakin dabino. Mun tsaya mun ci gurasar tamis da wake, shayi riyal ɗaya. Dattijo ya ce wannan ai sukari ne aka ɗiga wa shayi.

A mota likita ya ɗauko labarin Mongol, wasu mahaya dawaki na can gabas. Ya ce Turawan da suka je ƙasarsu a zamanin da sun rubuta cewa a ɓoye suke binne babba, tare da tantinsa da goɗiya da ɗanta. Sai su mayar da ciyawar da suka ɗaye, har ba mai gane wurin.

"Likita, don Allah bar labarin nan," na ce. "Mu ma fa kabari za mu nema."

A maƙabarta na ƙirga sittin da biyu, na tsinci kaina a cikin sababbin kaburbura. Na koma na sake. Babu tayil.

Dattijo ya ce, "Ɗana, bar shi haka. Addu'a ba ta ɓatan hanya."

Amma alkawari kaya ne. Ina tsaye sai na tuna cewa ranar jana'izar ina ɗauke da makara a kafaɗata na ƙirga, kuma takun mai ɗauke da gawa gajere ne. Na ɗauko jarkar ruwa daga mota, na saɓa a kafaɗar dama, na taka a hankali kamar ranar. A na sittin da biyu na durƙusa, na share ƙasa da hannu. Ga shuɗi.

Dattijo ya tsugunna, ya kira ƙanensa da sunan da uwarsu take kiransa, ya daɗe yana addu'a.

Mun dawo Utaiƙa bayan la'asar. Abokai sun saba yi mini dariya wai komai sai na ƙirga, amma yau likita da bakinsa ya ce ko cikin Mongol aka kai ni sai na gano kabari. Ni dai abin da na koya shi ne, hanyar da ka bi da kaya, da kaya ake komawa a same ta. Na ci tuwo malmala biyu.