Pamfil Ursachi da Ƙwallon Kan Hasumiya

A garinmu babu wanda ya kai Costel Buzdugan, shugaban kwamitin coci, sanin lissafi. Shi da kansa ya sanar da haka a taro, ba a kuma musa ba.

Shi kuwa Baba Pamfil Ursachi, maƙerin rufi da ya ajiye guduma a watan jiya bayan shekara arba'in da uku, aji bakwai ya yi. Kullum da safe yakan buɗe rumfa, ya ciro igiya da alli. Faɗa masa tsawon cibiya zuwa baki kawai, zai rubuta maka kewayen da'irar a jikin ƙofa, da yawan jan ƙarfen da zai rufe ƙwallo, kafin kofinka ya huce. Kai ne mai igiya, Baba, wanda bai taɓa yanka sau biyu ba.

Bara kwamiti ya ce ƙwallon da ke ƙarƙashin gicciyen hasumiya ya yi ƙanƙanta. Daga santimita ashirin za a mai da shi arba'in, kafin bishop ya zo bikin coci. Aka ba Baba aikin. Costel ya sayo jan ƙarfe ninki biyu na wanda ya rufe tsohon ƙwallon.

"Ranka ya daɗe, ninki huɗu za a saya," in ji Baba.

"Baba Pamfil, in ka ninka faɗi, sai ka ninka ƙarfe. Ni fa na yi jami'a."

"To jami'ar ce za ta hau sama ta rufe sauran?"

Costel ya ce ba za a ƙara ko ƙusa ba. Saura kwana shida biki, ƙarfe ya ƙare, rabin ƙwallo tsirara.

Maƙwabta sun ga Baba ya gangaro da babbar tukunyar jan ƙarfe ta matarsa Profira, wadda uwarta ta bar mata, wadda duk lokacin kaka unguwa ke dafa 'ya'yan itace a cikinta.

"Tsoho, ka haukace?" in ji Profira.

"Profira, ko in bar wa bishop rabin ƙwallo?"

Ta juya baya, ya sa wa tukunyar almakashi, ya rufe sauran ƙwallon da ita.

Ranar biki bishop ya ɗaga kai, ya yaba, ya miƙa wa Costel takardar girmamawa. Costel ya karɓa da tawali'u.

Mun gode, Baba. Matasa, ku koyi auna abu kafin ku buɗe baki. Profira kuwa, bana a tukunyar aro ta yi dahuwa, Baba na zaune gefe yana tura mata itace.